Haƙorin Makka da Giɓin da Ya Bari

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta, bai kuwa ce a zauna a ɗaka ana kallonta ba. Sunana Rabi, amma duk wanda ya taɓa tsallaka iyaka ta Magama a shekarun da kuɗin mai suka sauko ƙasar nan, Hajiya Mai Tuwo ya sani. Na sa an rubuta labarin nan saboda masu dawowa daga aikin Hajji da zinariya a baki. Wanda zai ji haushi ya ji, ni na riga na sha nawa.

Da mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya, Hadiza, sai na kafa rumfar abinci kusa da shingen kwastan. Lokacin manyan motoci jeruwa suke yi har inda ido ya tsaya, wannan da siminti, wancan da shinkafa, direbobinmu da na Nijar kowa da yunwarsa. Kuɗi sun shigo, ban musa ba. Amma mace marar miji mai zuba wa direbobi miya, kowa ya san sunan da ake ba ta a bayan idonta. In na shiga gidan suna sai ka ga matan aure suna tattara gefen zane kamar na shigo da toka. Ban taɓa aikata abin kunya ba, amma wa ya tambaye ni?

Da kuɗin tuwon nan na biya kujerar Makka. Yayana Alhaji Mamman, wanda shi ne babba a tashar motar Jibiya, shi ya raka ni. Bayan an sauko daga Arfa an gama komai, sai na ga mutanenmu suna tururuwa zuwa wani ɗan shago a cikin kasuwa. Yaya ya ce, "Tashi mu tai. Kowa na iya cewa ya zo. Haƙori shi ne shaida, ke ko kin fi kowa bukatar shaida."

Na san abin da yake nufi, na kuwa tashi. Mai shagon ya kama lafiyayyen haƙorina na sama, na kusa da fiƙa, wanda bai taɓa yi mini laifin komai ba, ya dinga gurza shi da magagari har sai da na ji tsamin abin a tsakiyar kaina. Sannan ya kifa masa hular zinariya ya danna. Ina tashi daga kujerar Yaya ya zauna, aka yi masa nasa da magagarin da ko ɗauraya ba a yi ba.

Haƙorin ya yi aikinsa, gaskiya ɗaya ce. Ina dawowa tsohon sunan ya mutu. Matan da ke tattara zane suka koma matsa mini wuri a tabarma. Na koyi wata dariya ta gefe guda wadda ke ɗaga leɓe daidai inda ake so a gani. Ko jandarman Nijar in sun leƙo cin tuwo sai sun ce, "Hajiya, a sa mu cikin addu'a."

Damina ta biyu da dawowarmu ciwon ya fara. In na kurɓi ruwan randa sai in ji kamar an soka mini allura daga haƙori zuwa ido. Daga baya ruwan zafi ma ya shiga layi. Ana nan sai ciwon ya ɗauke ɗif, na ce alhamdulillahi, albarkar wurin da aka sa shi ce. Ku riƙe wannan, masu karatu. Ranar da haƙori ya daina ciwo ba tare da an yi masa komai ba, kada ku yi guɗa.

Mu a can da ranar kasuwar Jibiya muke ƙirga mako. Wata kasuwa na wayi gari da ɗan ƙurji a dasashi, saman zinariyar. Kafin kasuwa ta zagayo ya fashe, bakina ya cika da wani abu mai gishiri da ɗaci. Ya rufe, ya sake fashewa. Sai wari. Ni da sana'ata ɗanɗana miya ce, na koma komai na sa a harshe ɗanɗanonsa ɗaya. Na lura in na sunkuyo zuba nama masu cin tuwo suna ɗan kau da kai. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Magani kuwa, kowa a Magama ya zama likita. Na cusa kanumfari har harshena ya mutu. Na kurkure da jar kanwa, na tauna tafarnuwa. Wata tsohuwa ta zo da 'ya'yan gauta ta zuba a kasko mai zafi, ta sa na buɗe baki a kan hayaƙin, sannan ta nuna mini wasu 'yan fararen abubuwa a ƙwaryar ruwa ta ce tsutsotsin ne suka faɗo. Na biya ta, na kuma yi godiya. Sauran Zamzam ɗin da nake tattali na ƙarar a kurkura. Allah ya saka wa kowa, don da zuciya ɗaya suka yi. Amma duk wanda na nuna wa zinariyar na ce nan ne yake zugi, sai ya ja da baya ya ce, "A'uzubillahi! Haƙorin Makka ne hwa. Sai dai baki, ko hassada."

Da kumburi ya tasar wa gefen hancina, Yaya ya zo da wanzaminsa. Wanzamin ya leƙa, ya ƙwanƙwasa zinariyar da bayan aska, na yi ƙara har na kusa faɗowa daga kujera. Ya dubi Yaya, Yaya ya dube shi. Sai ya ce, "Ba shi ba ne. Maƙwabcin nan nashi ne ke da laifi, shi ke turo mashi ciwon."

Na ce, "Wanga da ka taɓa shi ke ciwo."

Yaya ya ce, "Ke kin fi wanzami sani? Abin da anka sa a ƙasa mai tsarki ya za a yi shi ruɓe?"

Aka danne ni, aka sa awartaki aka tumɓuke fiƙata. Na gan ta a tafin hannunsa, fara sol, saiwarta doguwa, babu ko ɗigon baƙi. An cire marar laifi don mai laifin ya je Makka. Har gobe in na tuna ranar nan sai zuciyata ta tafasa.

Daga nan abu ya ɓaci. Kafin kasuwa ta sake ci, fuskata ta ɓangaren hagu ta haye har idon ya rufe. Zazzaɓi ya kwantar da ni, rumfa ta tsaya. Hadiza ta baro ɗakinta a Bugaje da goyo a baya ta tare a wurina. Ita ke dama kunu tsararo ta ɗura mini ta gefen baki da ƙaramin ludayi. Ita ke gasa kumburin da tsumma mai ɗumi, ita ke wanke kallabin da nake tare mugunya da shi, ba ta taɓa yamutsa fuska a gabana ba ko da yake na ji ta sau da yawa tana kakarin amai a bayan ɗaki. Tumakin da nake kiwo suka bi juna zuwa kasuwa, kuɗinsu suka tafi a rubutu, turare, sadaka. Na taɓa haƙoran gabana da harshe na ji suna motsi kamar turken da ruwa ya zaizaye gindinsa.

Ranar da na ji haka na sa aka kira Yaya. Magana da ƙyar take fita, amma ta fita. Na ce, "Asibiti za ni. In sun ce a cire shi, a cire."

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai ko zauna ba. "Kin san abin da mutane za su ce? Za su ce Makka ta tofar da ke. Za su ce kuɗin da kinka je da su ba na halal ba ne, shi ya sa ya ƙi zama. Sunan da munka binne da ƙyar, ke za ki tono shi? In anka cire, da wane baki za ki ce kin je?"

Wannan magana ta fi awartaki zafi, don na san ba ƙarya ya yi ba. Haka za su ce. Na kwanta ina kallon azara, ina auna abu biyu: sunana da fuskata. Hadiza na gefe tana share hawaye da bakin zane.

Na ce, "Yaya, ni na yi ɗawafi ko haƙori?"

"Kada ki kawo mani saɓo."

"Ni na tsaya Arfa cikin rana. Shi sai da anka gama komai ya zo, a kasuwa kuma anka saye shi."

Ya fita a fusace. Kafin la'asar ya sanar a tasha cewa duk direban da ya ɗauke ni zuwa birni ya nemi wata tashar. Shi a ganinsa tsare ni yake yi, na sani. Amma tsarewar da za ta kai mutum kabari, na yafe ta.

Abin da ya manta, ba kowane direba ke ƙarƙashinsa ba. Akwai Isuhu, mutumin Maraɗi, mai jan babbar mota, wanda ya shekara yana cin tuwona. Washegari ya zo gaishe ni da safe, ya ga fuskar, ya dafe kai.

"Subhanallahi! Inna, wanga ba aikin hayaƙi ba ne, aikin lokotoro ne. In duwan sun sake mani takardu yanzu, kamyo na tahiya Katsina. Alhaji shi yi mani abin da ya ga dama, ni ba ɗan tashar shi ba ne."

A Hausarsu ta can, lokotoro likita ne, duwan kwastan, kamyo kuwa babbar mota. Haka na tafi, a gaban motar Nijar, tsakanin Isuhu da Hadiza, na lulluɓe rabin fuska da gyale. Da muka zo wucewa ta gaban tashar Jibiya na janye gyalen, na ɗaga kai. Na fi so a gan ni ina tafiya da a ce satar hanya na yi.

Asibitin birni kuwa, sabon gini ko'ina, fenti na ƙamshi, amma likitan haƙori guda. Layin kati daban, layin ganin likita daban, na hoto daban. Ranar farko ko ƙofar ba mu kai ba. Mai ba da kati ya daka mini tsawa wai in buɗe baki in faɗi sunana da kyau, na janye gyale na nuna masa dalilin, sai ya sunkuyar da kai ya rubuta. Muka sauka gidan wata 'yar'uwar mijin Hadiza, kullum mu yi sammako mu dawo da yamma. Ƙasa ta yi kuɗin da jirage ke kwasar mu zuwa Makka kamar fara, amma mai kumburin fuska sai ya wuni a kan benci.

Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, wani ma'aikacin jinya ke yi mana tafinta. Ya ɗaga hoton bakina wajen taga. Ga haƙora a jere farare, ga zinariyar ta fi kowa haske, sai kuma a samanta wani baƙin wuri kamar girman ƙwallon dabino.

Tafinta ya ce, "Ya ce nan da ƙashi ne. Yanzu babu."

"Ina ya tafi?"

Likita ya yi dogon bayani, tafinta ya gutsuro mini. Wai gurzar da aka yi ce ta kashe jijiyar haƙorin, shi ya sa ciwo ya ɗauke kwanakin baya, gawa ba ta ciwo. Ya ruɓe a cikin hularsa, ruɓar ta bi saiwa ta hau sama. Sai maganar da ta zauna mini har yau. Ya ce ƙashi ba dutse ba ne, rayayye ne, kuma a cikinsa akwai masu rushewa akwai masu gini, dare da rana suna aiki. In ruɓa ta shiga, masu rushewa sai su yi ta janye ƙashi daga gare ta, masu gini kuwa ba za su sa hannu ba sai an fitar da gawar. In aka bar ta, haƙoran gaba za su zube, kuma hanyar da ta kama ta ido ce.

Na ce, "Gaya mashi haƙorin Makka ne."

Tafinta ya faɗa masa. Likita ya yi murmushi ya ce wani abu.

"Ya ce ya sani, ba ke ce ta farko ba. Yana tara hotunan irinku yana nazari a kansu. Kuma wai shi ma Alhaji ne."

Na dube shi da idona ɗaya mai gani. Na ce, "Ce mashi shi buɗe baki." Hadiza ta mintsine ni. Amma bawan Allah ya buɗe, yana dariya. Haƙora ne irin na kowa, ko ƙyallin ƙarfe babu.

Na ce, "To a cire."

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, an sha wuya. An yi allura amma ba ta kama sosai ba saboda kumburin. Bayan cirewa ya sa wani ɗan cokali ya dinga kankare ramin, ina jin ƙarar a cikin kunnena kamar ana kankare ƙanzo. Warin da ya fito sai da tafinta ya ja da baya. Aka kwantar da ni, allura safe da yamma har mazaunaina suka ƙi zama. Hadiza na kwana a tabarma ƙarƙashin gado da jaririnta. Sannu a hankali idon ya buɗe. Abu na farko da na gani da shi fuskar 'yata ce, ta rame kamar ita aka yi wa aikin.

Likita ya nemi izinin riƙe hotunan don nazarinsa. Na ce ya riƙe har da na gaba, amma haƙorin a ba ni kayana. Aka naɗe mini shi a auduga, zinariya tana walƙiya a ƙasa, saiwa baƙa ƙirin a sama. Ranar da muka dawo Magama na ba Hadiza ƙullin na ce ta kai wa Yaya hannu da hannu, ta ce masa ga shaidar, ya adana, ni na gama da ita.

Bai zo ba, bai aiko ba. Ni kuwa na shiga kurkurar ruwan gishiri mai ɗumi, da kunu da fate, an hana ni goro, wanda shi ne ya fi komai yi mini ciwo. Duk bayan 'yan watanni in koma a sake hoto. Likita ya jera mini su a taga, na farko da na baya. Baƙin wurin yana tsukewa daga gefe, wani fari-fari kamar hazo yana shiga ciki. Tafinta ya ce, "Masu gini sun dawo." Na yi kuka a wurin, ban ji kunyar kowa ba. Haƙoran gaba suka tsaya da ƙafarsu. Dasashin dai ya ɗan lotsa inda babu haƙori, ya ce wannan haka zai zauna, ƙashin da ba shi da abin riƙewa jiki yakan janye shi. Ya ce ko ina son na roba a cike giɓin. Na ce na gode, na gaji da baƙi a bakina.

Maganganu kuwa an yi su, duk waɗanda Yaya ya lissafa har da ƙari. Ranar da na buɗe rumfa wata ta zo sayen tuwo da gayya ta ce, "Hajiya, ina abin namu?" Na wage baki na yi mata dariya sosai, ba ta gefe guda ba, har ta ga giɓin haƙora biyu. Na ce, "Ɗaya Makka ta sa shi, ɗaya Jibiya ta cire shi. Na nawa za a zuba?" Wasu sun koma tattara zane in na shiga taro. Na koma zuwa da tabarmata.

Bayan girbi, wata ranar da babu kasuwa, ina tuƙa tuwon rana sai ga Yaya. Na ɗauka baƙo ne, don ya naɗa rawani ya ja amawali har saman hanci, shi da duk rayuwarsa hula yake sawa. Ya zauna a ƙarshen benci, inda ba kowa. Na zuba masa ruwan randa. Ya riƙe kofin bai sha ba.

Ya ce, "Ƙullin nan da kinka aiko."

"Na ji."

"Na kwance shi." Ya dire kofin a benci. "Rabi, warin nan na san shi."

Na ajiye muciya. Duk maganganun da na tanada masa tun ina kwance, na jera su na goge su, babu wadda ta fito. Na ce, "Janye amawalin." Ya waiga hagu da dama, ya janye. Gefen hancinsa ya fara hawa, daidai inda nawa ya fara.

Ya ce, muryarsa can ƙasa, "In anka cire, da wane baki zan shiga tasha?"

Na ce, "Da bakin da anka ceto." Na sauke tukunyar, na yayyafa wa wutar ruwa, na ɗauko gyalena. "Tashi mu tai. Wanga karon ni zan raka ka."